Yadin da Ban Jiƙa Ba

Duk wanda ya shigo shagona neman koyon ɗinki, kan keke idonsa yake fara sauka. Ni kuwa bokiti nake nuna masa, wani tsohon bokitin roba shuɗi da ke bayan ƙofa. Wasu su yi dariya, wasu su ɗauka wankin daɓe zan sa su. Ku 'yan yanzu gani kuke ɗinki taka keke ne kawai, a kalli hoton bidiyo a waya sau biyu a ce an iya. To ku gyara zama ku ji yadda bokitin nan ya shigo shagon, da yadda saura ƙiris in bar sana'ar dungurungum saboda rashinsa.

A Fagge na koyi ɗinki, a wajen ƙanin mahaifina. Shadda ce aikinmu, kaftani da 'yar shara da babbar riga. Abu biyu ya dasa mini a kai tun ina riƙe masa tef. Na farko, ruwa ba ya taɓa shadda kafin a ɗinka, domin da ta jiƙe maiƙonta ya tafi, mai ita kuma zai ci mutuncinka a gaban jama'a. Na biyu, kullum ka bar rara a cikin ɗinki, inci guda ko fiye a kowane gefe, saboda mutum yana ƙiba kuma riga tana da magada. Da waɗannan biyun na sauka Landan a farkon shekarun tamanin. Karatu na zo yi, karatun ya ƙi, sai na koma wa allura.

Wanda ya ɗauke ni aiki shi ne Masta Yunus, wani Ba'indiye Musulmi mai shago a unguwar Barking. Gajere ne, ga faɗa kamar ya ari baki. Kwat ta ulu yake ɗinkawa da dogayen rigunan biki na mutanensu, masu tsayayyen wuya da maɓallai har gwiwa. Na je masa da taƙamar ni tela ne, ya sa na yi wata shida ba abin da nake yi sai ramin maɓalli da warware ɗinki. Almakashinsa mai nauyin kilo ba mai taɓawa. Dutsen guga kuwa yana hannun Baba Isaka, wani dattijo ɗan zango daga Kumasi, wanda shi ke wanki da guga a ɗakin baya. Duk lokacin da Masta ya juya cikin rigar da na haɗa ya ga rarar da na bari, sai ya ɗaga ta sama kowa ya gani.

“Hamisu, riga ce wannan ko buhun gero? Nawa ka ɓoye a ciki?”

In ce na daina. Ban taɓa dainawa ba, hannuna ne ba ya yarda.

A cikin masu kawo mana ɗinki akwai wani da muke kira Akanta. Sa'an Masta ne, tare suka yi ƙuruciyarsu a Landan, lokacin da shi yake karatun akanta, Masta kuma yana ɗinki a ɗakin haya. Shi ya riƙa cike wa Masta takardun haraji, Masta ya ɗinka masa kwat ɗinsa ta farko. Da Akanta ya gama karatu ya koma Indiya ya buɗe ofis. An ce binciken littattafan wata ƙungiyar manoman rake ne ya fito da sunansa, domin ya ƙi sa hannu a kan abin da bai gani da idonsa ba, manoman suka ce shi suke so ya wakilce su. Daga majalisar jiha ya tafi ta ƙasa. Kowace bazara yakan zo ganin 'yarsa da ke aure a nan, ya biyo shago a auna shi.

Ni a littafin awo na karanta siyasarsa. Shekarun da yake majalisa ƙugunsa ya riƙa ƙaruwa da rabin inci, rabin inci. Shekarar da ya faɗi zaɓe, jam'iyyarsa ta ajiye shi gefe, sai ga inci uku sun zube a lokaci guda. Wuyansa ne kawai bai taɓa canzawa ba, sha biyar da rabi. Yana da wata ɗabi'a da ke ba ni haushi. In ya zo karɓar ɗinki sai ya ce a kawo masa ragowar ƙyallaye, ya baje su a teburi, ya duba abin da ya kawo da abin da ya shiga riga da abin da ya rage. Ba wai yana zargin kowa ba, haka Allah ya yi shi. Ko shayi aka ba shi sai ya leƙa kofin.

Ba ya sa yadin kanti. 'Yan siyasarsu na wancan zamani saƙin hannu suke sawa, farin auduga mai kauri, shi ne alamar kana tare da talaka. Kayansa Masta ne kaɗai ke yankawa. Na lura kuma duk sanda ya kawo yadi, Masta yakan naɗe shi ya tafi da shi gida, sai bayan kwana biyu ya dawo da shi a goge. Na ɗauka girmamawa ce, kada kayan babban mutum su kwana a shago. Shekara tara ina ganin haka ban taɓa tambaya ba.

Akwai kuma wani yadin da ba a taɓawa, yana can saman kabad a cikin takarda. Mahaifiyar Akanta ce ta kaɗa zarensa da hannunta a ƙarshen rayuwarta, lokacin idonta ya fara tafiya, aka saƙa a ƙauyensu. Ya kawo wa Masta ajiya, ya ce a bar shi sai ranar da ta isa. In ya zo yakan sa a sauko da shi, ya bi shi da babban yatsa yana taɓa ƙulle-ƙullen zaren, sannan a mayar.

Sai muguwar shekara ta zo, a farkon shekarun casa'in. Kasuwa ta mutu a duk faɗin garin. Shaguna huɗu a layinmu aka buga musu katako, mutane suka koma sayen kwat ɗinkakkiya mai araha. Sai mu wuni ba wanda ya turo ƙofa in ban da mai son a rage masa ƙafar wando. A cikin wannan hali shanyewar ɓarin jiki ta kama Masta, hannun dama ya tafi, harshe ya yi nauyi. Ɗansa Faruk, haihuwar Landan, ya fara kawo mutane suna auna bango, wai zai mai da wurin shagon hayar kaset. Ni kuma a lokacin ina da mata da 'ya'ya biyu a gidan haya na ƙaramar hukuma, ba ni da wata takardar shaidar sana'a da zan nuna wa kowa. In aka rufe shagon, sai dai in koma wanke-wanke a gidan abinci.

Wata Litinin da safe sai ga Akanta ya shigo, ba ma lokacin zuwansa ba ne, duba idonsa ya zo yi. Ya ce an bugo masa waya daga gida, an naɗa shi gwamna. Gwamnansu ba kamar namu ba ne, ba a zaɓarsa. Shugaban ƙasa ke ɗauko dattijo ya tura shi wata jihar da ba tasa ba, ya zama uba mai sa hannu a kan dokoki. Jirginsa Lahadi da safe, rantsuwa kwana biyu bayan saukarsa. Ya ɗaga kai ya dubi saman kabad ya ce ranar ta zo.

Aka je aka ɗauko Masta a mota, aka zaunar da shi a kujera. Da Turanci ake maganar, Masta yana jan kalmomi da ƙyar. Ya nuna ni da hannun hagu.

“Shi zai yanka.”

Akanta ya dube ni ta saman tabarau. “Ya taɓa yanka irinsa?”

“Shekara tara yana kallo,” in ji Masta. Sannan ya juya wajen Faruk. “In rigar nan ta zauna, shagon na Hamisu ne ya riƙe. In ba ta zauna ba, ka kawo kaset ɗinka.”

Faruk ya ɗaga kafaɗa ya ce ya yarda. Aka mai da Masta gida, don ba ya iya zama fiye da rabin awa.

Na shimfiɗa yadin. Ya yi tauri da sitaci, ga wani ɗan layi rawaya a wurin ninki saboda daɗewa. Ya isa riga ɗaya cif, ba wurin kuskure. Na goge shi da busasshen dutse kamar yadda zan yi wa shadda mai tsada, ina ma hana Baba Isaka matsowa da kofin shayinsa. Na zana da alli, na yi bismilla, na ɗauki almakashin Masta a karon farko. Talata Akanta ya zo gwaji, komai ya faɗa inda ya kamata. Laraba da Alhamis na sa shafi, na ɗora hannaye, na kafa wuya, na yi ramukan maɓalli bakwai da hannu. Ban taɓa yin aiki mai kyan wannan ba. Da la'asar ɗin Alhamis na miƙa wa Baba Isaka, na ce ya fitar da allin da layin nan rawaya, ya goge. Na tafi gida ina jin kaina wani abu.

Juma'a da safe ina buɗe ƙofa na tarar da shi tsaye a tsakiyar shago, hularsa a hannu.

“Ɗan Kano, zo ka gani rigan nan. Ya koma ƙarami.”

Tana rataye. Yadin waje ya tsuke, shafin ciki bai tsuke ba, sai duk gabanta ya yi tudu da kwari kamar fatar tsohuwar jaka. Na sa tef na auna. Ƙirji ya rasa kusan inci biyu, hannaye sun ɗage, wuya ya koma sha huɗu da rabi.

“Baba, me ka yi mata?”

“Ruwan ɗumi kawai, kaman yadda nake yi ma kayan shi kullum. Tsaya. Ka jiƙa shi kafin ka yanka?”

“A jiƙa? Sabon yadi?”

Ya dafe kai. “Wayyo. To me kake tunani Masta yana kai shi gida yi? Matan shi yana sa shi cikin baho ya kwana biyu, ya sha ruwa ya gama tsukewa. Kowa ya sani!”

Kowa ya sani ban da ni. Abin da kawuna ya koya mini a kan shadda shi ne na ɗora wa saƙin auduga. Kakana da ke ɗinka saƙi da ya gani da ya yi mini dariya. Na zauna a kan kujerar Masta, abin da ban taɓa yi ba. Akanta zai zo karɓa gobe Asabar ƙarfe huɗu.

Baba Isaka ya rage murya. “Ka je Southall. Indiyawa suna saida irin shi. Ka ɗinka sabo, ni zan yi soaking da drying yau ɗin nan. Wa zai sani? Tsohuwan ya mutu tun tuni.”

Ba zan ɓoye muku ba, na je. Na shiga jirgin ƙasa na District line tun daga Barking har ƙarshenta, na hau bas, ranar ko masallacin Regent's Park da na saba zuwa ban leƙa ba. A shago na uku na samu farin saƙi mai kauri ɗaya da launi ɗaya. Na dawo wajen ƙarfe biyu, rabin yini ya tafi. Na shimfiɗa shi kusa da rigar. Daga nesa ba ka bambancewa. Da na bi su da yatsa, na kantin sumul yake, na tsohuwar kuwa kowane taƙi sai ka ci karo da ƙulli, inda zare ya tsinke mata ta laluba ta ɗaura. Kada ku ce tsoron Allah ne kaɗai ya hana ni, ko da yake akwai shi. Na tuna babban yatsan mutumin nan ne. Wanda ke leƙa kofin shayi ba zai kasa gane zaren uwarsa ba. Na naɗe na kantin na jefa ƙarƙashin teburi, yana nan har yau.

Na ɗauki reza na fara warware aikina na kwana huɗu. Ɗinki ɗaya-ɗaya, domin saƙin hannu in ka ja shi da ƙarfi sai ya zare. Da na buɗe gefuna sai ga rarar nan da Masta ya shekara tara yana zagina a kanta, inci da kwata kowane gefe, a kwance tana jirana. Ita ta mayar mini da ƙirji. Kalmasar hannu ma na yi ta da zurfi irin ta Fagge, na sake ta, tsawo ya dawo. Baba Isaka ya jiƙa ragowar ƙyallayen a ruwan zafi, ya busar da su da dutse, sannan ya bi tsofaffin layukan ɗinki da tururi har ramukan allura suka rufe. Ranar bai ce mini komai ba sai “miƙo” da “karɓa”.

Wuya ne ya gagara. Tsayayyen wuya ba shi da rara, daga ƙyalle guda ake fitar da shi, kuma duk mutuncin irin rigar nan a nan yake. Asabar da hantsi na baje ragowar. Mafi tsawonsu bai kai inci goma ba. Dole in haɗa biyu, haɗin ya faɗo a tsakiyar ƙeya, inda duk wanda ke tsaye a bayan gwamna zai gani. Na daidaita zare da zare, na ɗinka da hannu da allura mafi siranta, na kwantar da shi a kan katako. Sauran 'yan guntayen suka tafi a ƙarƙashin hammata da bakin aljihu. Da na auna wuyan, sha biyar da kwata. Kwata guda ya ɓace, kuma ba zare ko ɗaya da ya rage a duniya da zan cike shi. Ƙarfe uku da rabi na kafa maɓalli na ƙarshe.

Faruk ya kawo Masta. Akanta ya shigo ƙarfe huɗu daidai. Na riƙe masa rigar ya zura hannaye, kafaɗa ta zauna, ya bi maɓallai daga ƙasa zuwa sama. Da ya zo ƙugiyar wuya sai ta ƙi. Ya sake gwadawa. Nan ma ta ƙi. A karo na uku ya ɗaga haɓa sama, ta shiga. Ya tsaya gaban madubi, ya kai hannu ƙeya, yatsansa ya tsaya cak a kan haɗin.

“Wannan fa?”

“Yallaɓai, kuskurena ne. Ban jiƙa yadin ba kafin in yanka. Ya tsuke bayan na gama, na warware na sake haɗawa. Wuyan ya gaza da kwata.”

Faruk ya yi wata 'yar dariya ta hanci. Akanta bai dube shi ba. Ya bi gaban rigar da yatsa a hankali, ƙulli bayan ƙulli, har ƙasa.

“Kawo ragowar.”

“Babu, Yallaɓai.”

“Babu?”

“Ko ƙyallen share allura. Duk suna jikinka.”

Ya sa na nuna masa inda kowane guntu ya shiga, na nuna, yana gyaɗa kai iyakar yadda wuyan ya bar shi. Ya daɗe yana kallon madubi. Sannan ya ce, “Abin da na kawo shi ne a jikina. Naɗe mini ita.” Bai ce ta yi kyau ba, bai ce na gode ba.

Kafin in naɗe Masta ya miƙo hannun hagu. Na ɗora masa ita a cinya. Ya juya cikinta, ya ga tsohon layin ɗinki da sabo, ya ga inda rarar ta ƙare saura kamar faɗin ƙwayar shinkafa. Ya dube ni, ya miƙo mini ita. Faruk ya ɗaga shi suka tafi, ya kulle shagon da kansa ya sa makulli a aljihu. Ban san matsayina ba. Lahadi na wuni ina duba shafin neman ma'aikata a jarida, matata tana tambayata ko lafiya.

Litinin na je na tsaya a bakin shago kamar baƙo, ni da Baba Isaka, ana yayyafi. Can sai ga matar Masta ta sauko daga bas. Shekara tara ban taɓa ganinta a shagon ba. Tana riƙe da bokitin roba shuɗi. Ta ajiye shi a gabana ta ce, “Masta ya ce kwana biyu, ruwan sanyi, ka canza sau ɗaya. Ni na gaji da ba da bahona.” Ta juya ta tsallaka titi. Na leƙa ciki, makullin shagon ne a gindin bokitin.

Bayan wata biyu hoto ya zo daga Indiya, an yanko daga jarida. Ga Akanta yana rantsuwa, hannu a sama, haɓa a ɗage. Masu shigowa sukan ce dubi kwarjini, mutumin nan ba ya sunkuyar wa kowa. Ni na san kwatan inci ne ke shaƙe shi. Ya yi shekarunsa na gwamna lafiya ya sauka, ya ci gaba da zuwa Landan wajen 'yarsa, har yakan leƙo mu gaisa. Amma bai sake kawo mini ko hankici ba har ya rasu, kuma ban ga laifinsa ba.

Shi ya sa hoton ba ya gaban shago inda zan yi taƙama da shi. Yana bayan ƙofa, saman bokitin. Wanda ke son taɓa almakashina a cikinku, ga famfo can, ya fara cika shi.